Birnin Baranasi na Indiya: Madubi ga Masu Ziyarar Urushalima

Wurin karatu: 2 Sarakuna 5:1-14 da Yohanna 4:19-26

Duk wanda ya taɓa zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja a ranar da masu ziyarar ƙasa mai tsarki ke dawowa, ya san irin murnar da ake yi. 'Yan zumuntar mata sukan zo cikin anko suna waƙa, jikoki suna leƙe ta bayan iyayensu, dattawan ikilisiya suna jira su yi addu'ar godiya. Idan aka isa gida, a Nyanya ne ko Kubwa ko Gwagwalada, sai a buɗe jaka a raba tsaraba: man zaitun, ƙaramin gicciye na itace daga Baitalami, da 'yar gorar ruwa da aka ɗebo daga Kogin Urdun.

Wannan gorar ruwa ita ce abin dubawa. Wani gida ana ajiye ta a kan kanta domin tunawa da tafiya. Wani gida kuwa ana ba marar lafiya ya sha, ana yayyafa wa shago domin ciniki ya buɗe, ana shafa wa yaro ranar jarrabawa. Tambaya ita ce, shin akwai ruwa ko birni a duniyar nan da ke ɗauke da ikon wanke zunubi da kawar da tsoron mutuwa? Akwai wani birni a ƙasar Indiya inda miliyoyin mutane suka amsa da i, suka kuma gina rayuwarsu da mutuwarsu a kan wannan amsa tun zamanin da. Sunansa Baranasi.

Indiya ba baƙuwar ƙasa ba ce ga mutanen Arewa. An tashi da finafinanta, malaman Indiya sun koyar da lissafi da kimiyya a makarantun sakandare da yawa a shekarun 1970 da 1980, iyalai kuma suna kai marasa lafiyarsu can neman magani. Firayim Minista Narendra Modi, wanda ya ziyarci Abuja a watan Nuwamba 2024, daga mazaɓar Baranasi aka zaɓe shi zuwa majalisa a 2014 da 2019 da 2024. Sa'ad da Manzo Bulus ya shiga Atina, ya fara zagaya garin ne yana duba wuraren sujadarsu da kyau kafin ya buɗe baki, da ya yi magana kuma ya fara da yarda cewa mutanen masu himmar ibada ne (Ayyukan Manzanni 17). Da irin wannan ido ya kamata mai bi ya dubi Baranasi.

Birni a Bakin Kogin Ganga

Baranasi yana jihar Uttar Pradesh a arewacin Indiya, a gaɓar yamma ta Kogin Ganga, daidai inda kogin ya lanƙwasa ya nufi arewa. Ana danganta sunan da ƙananan koguna biyu, Baruna da Asi, waɗanda ke zuba cikin Ganga a gefen arewa da gefen kudu na tsohon garin. Ana kuma kiransa Banaras. Masu ibada sun fi son tsohon sunansa, Kashi, kalmar harshen Sanskirit mai ma'anar wuri mai haske, wadda ba ta da wata dangantaka da kalmar Hausa mai kama da ita.

Masu tonon kayan tarihi sun gano alamun zaman mutane a Rajgat, a arewacin garin, tun kimanin shekara 800 kafin haihuwar Kristi. Ke nan mutane suna zaune a wurin tun kusan zamanin da Elisha ke annabci a Isra'ila. Idan aka tuna cewa dokar da ta kafa Babban Birnin Tarayya ta fito ne a 1976, gwamnati kuma ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, za a gane cewa Abuja jaririya ce a gaban wannan tsoho. A Sarnat, kimanin kilomita 10 daga garin, Buddha ya yi wa'azinsa na farko wajen ƙarni na 6 ko na 5 kafin Kristi. A ƙarni na 15 mawaƙin nan Kabir, wanda masaƙi ne, ya yi rayuwarsa a garin, Tulsidas kuma, wanda ya rubuta labarin Rama cikin harshen talakawa, a nan ya rasu a 1623. Har yau ana sanin garin da saƙar siliki, da kuma babbar Jami'ar Hindu ta Banaras wadda Madan Mohan Malabiya ya kafa a 1916.

Zuciyar garin ita ce Haikalin Bishwanat, inda ake bauta wa Shiba, ɗaya daga cikin manyan allolin addinin Hindu. Haikalin ya sha rushewa da ginuwa. A 1669 Sarki Aurangzeb na daular Mugal ya ba da umarni aka rushe shi, aka gina Masallacin Gyanbapi a wurin. A 1780 Sarauniya Ahilyabai Holkar ta ƙasar Indor ta gina sabo a gefen masallacin, a shekarun 1830 kuma Sarki Ranjit Singh na Punjab ya ba da zinariya aka lulluɓe samansa. A watan Disamba 2021 aka buɗe wata faffaɗar hanya da ta haɗa haikalin da bakin kogi domin sauƙaƙa wa taron masu ziyara. Gardama a kan filin da masallacin yake ta kai gaban kotuna. Mai karanta tarihin Urushalima ba zai yi mamaki ba, gama inda mutane suka ce tsarki yana cikin wani yanki na ƙasa, da wuya a rasa jayayya a kan wannan yanki.

Abin da Masu Ziyara ke Nema

A bakin kogin akwai jerin matakalai na dutse da ke gangarawa cikin ruwa, ana kiran kowane jeri gat, sun kuma fi 80. Tun kafin rana ta fito ake cika su. Maza da mata, tsofaffi da yara, sukan shiga ruwan, su nutse, su kamfata da tafin hannu su ɗaga wajen rana, su sake zubarwa. A bangaskiyarsu Ganga allahiya ce da ta sauko daga sama, Shiba ya tare ƙarfinta da gashin kansa domin kada ta farfasa duniya, ruwanta kuma yana wanke laifofin da mutum ya tara. Da yamma ana kunna fitilu a gat na Dashashwamed, ana kaɗa ƙararrawa ana yi wa kogin waƙoƙin yabo.

Masu ƙarin himma sukan kama hanyar Pancakroshi, wadda ta kewaye iyakar yankin da suke ɗauka mai tsarki. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 80, ana yinta da ƙafa cikin kwana biyar, ana tsayawa a wuraren bauta 108. Kafin su koma gida sukan cika 'yan tuluna na tagulla da ruwan kogin, a toshe, a ajiye a ɗaka. Ranar da wani na gida ya kai gargara, sai a buɗe a ɗiga masa a baki.

Domin a fahimci wannan himma, sai an san abin da suke tsoro. Addinin Hindu yana koyar da cewa rai ba sau ɗaya yake zuwa duniya ba. Ana haihuwar mutum, ya mutu, a sake haihuwarsa cikin wani jiki, abin da ya aikata a rayuwar baya, wanda suke kira karma, shi ne ke yanke masa irin rayuwar da zai samu. Wannan zagaye ba shi da ranar ƙarewa sai ga wanda ya sami kuɓuta, wato moksha. Darajar Baranasi a wurinsu ita ce, duk wanda ajali ya same shi a cikin iyakar garin, Shiba da kansa zai raɗa masa kalmar ƙetarewa a kunne, ba zai ƙara dawowa duniya ba.

Saboda haka mutane suna zuwa garin musamman domin su mutu. Akwai gidajen saukar masu jiran ajali, sananne a cikinsu shi ne Mukti Bawan, inda akan ba iyali ɗaki na kimanin mako biyu su zauna da tsohonsu. A gat na Manikarnika da na Harishcandra ana ƙona gawawwaki dare da rana. Babban ɗan mamaci yakan aske kansa, ya ɗaura farin ƙyalle, ya karɓi wuta daga hannun mutanen Dom, waɗanda aikin ya zama gadonsu, ya cinna wa itacen, daga baya a zuba tokar cikin kogi. Talaka yakan kashe abin da ya tara shekara da shekaru domin ya kawo mahaifiyarsa nan.

Wannan abin tausayi ne da girmamawa, bai kamata ya zama abin dariya ba. Ɗan da ya ɗauki tsohuwarsa ya yi doguwar tafiya da ita a jirgin ƙasa ya san abubuwa biyu da mutane da yawa a manyan birane suka manta: cewa ɗan Adam yana ɗauke da laifi da ke bukatar wankewa, da kuma cewa mutuwa na nan tafe, dole a yi mata shiri. Ƙishinsa na gaskiya ne. Inda bishara ta rabu da shi, a kan rijiyar da za a sha ne.

Kiristoci ma Suna da Birnin Ziyara

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin mai bi ya yi wa Baranasi hukunci, ya kamata ya dubi tarihin ziyara a cikin nasa gidan. Shari'ar Musa ta umarci mazajen Isra'ila su hallara sau uku a shekara a wurin da Allah ya zaɓa (Kubawar Shari'a 16:16). Zabura 120 zuwa 134 waƙoƙi ne da ake dangantawa da masu hawa zuwa Urushalima. Yusufu da Maryamu sukan je Idin Ƙetarewa kowace shekara, Yesu ma ya bi su yana ɗan shekara 12. Bayan Romawa sun rushe haikali a shekara ta 70, sai a ƙarni na 4 ziyarar Kiristoci ta yi ƙarfi: Helena, mahaifiyar Sarki Konstantin, ta je wajen shekara ta 326, aka kuma keɓe majami'ar da ke kan kabarin Ubangiji a 335.

Tun a wannan ƙarni aka sami masu jan kunne. Bishop Giregori na Nissa, wanda ya je Urushalima da ƙafarsa, ya rubuta wasiƙa yana gargaɗi cewa sauya wuri ba ya kusantar da mutum ga Allah, kuma bangaskiyarsa ba ta ƙaru ko ta ragu ba don ya ga wuraren.

A Nijeriya, dokar 2007 ta kafa hukumar tarayya mai kula da ziyarar ibada ta Kiristoci, hedkwatarta kuma tana Abuja. Dubban masu bi sun bi ta hannunta sun ga Tekun Galili, da Nazarat, da Dutsen Zaitun. Amfanin tafiyar a fili yake, gama gani ya kori ji. Wanda ya gangara daga Urushalima zuwa Yariko ta cikin hamada zai karanta misalin Basamariye mai kirki da sabon ido. Amma tare da amfanin akwai abubuwan da suka kutso. Wani yana neman kujera ne domin ya liƙa haruffan JP a bayan sunansa, a san ya je Urushalima. Wani ya ci bashi ko ya sayar da gonar gado, alhali 'ya'yansa suna zaune a gida saboda kuɗin makaranta. Wasu sun mai da tafiyar hanyar sulalewa neman aiki a ƙasar waje. Wasu kuma, da aka riga aka yi musu baftisma a rafin ƙauyensu, suna neman a sake nutsar da su a Urdun, kamar dai ta farkon ba ta kama ba. A nan tazarar da ke tsakanin bakin Urdun da bakin Ganga ta zama 'yar kaɗan.

Abin da Nassi Ya Koyar

Labarin Na'aman ya warware batun ruwa. Shi babban jarumin Suriya ne, amma kuturu. Da Elisha ya aika masa ya je ya yi wanka sau bakwai a Urdun, sai ya fusata, yana ganin kogunan Dimashƙu, Abana da Farfar, sun fi duk ruwayen Isra'ila kyau. Ta fuskar ruwa, babu wanda ya ƙaryata shi. Urdun ƙaramin kogi ne mai laka, a yau ma ya ragu ƙwarai saboda ɗibar ruwan da ake yi a samansa, kamar yadda Ganga ya gurɓace har gwamnatin Indiya ta ƙaddamar da shirin tsabtace shi a Baranasi a 1986, ta sake ƙaddamar da wani a 2014. Da ikon a cikin ruwan yake, da babu kuturun da zai saura a Isra'ila. Yesu da kansa ya tuna wa mutanen Nazarat cewa kutare suna da yawa a zamanin Elisha, Na'aman kaɗai aka tsarkake (Luka 4:27). Abin da ya warkar da shi maganar Allah ce, da tawali'un da ya sa ya sauko daga karusarsa ya yi biyayya.

Batun wuri kuwa an warware shi a bakin rijiyar Yakubu. Matar Samariya ta kawo wa Yesu tsohuwar gardama: kakanninta a kan Dutsen Gerizim suke sujada, Yahudawa kuma sun ce sai Urushalima. Yesu bai ɓoye cewa ceto ta wurin Yahudawa ya zo ba, amma ya sanar da ita cewa lokaci ya yi da sujada ba za ta rataya ga wannan dutse ko wancan birni ba, domin Allah Ruhu ne, abin da yake nema kuma shi ne masu yi masa sujada da ruhu da gaskiya. Wannan magana ta fito ne daga bakin wanda ya yi kuka saboda ƙaunar Urushalima.

Saura batun mutuwa. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta koyar cewa mutuwa ɗaya aka ƙaddara wa mutum, shari'a ta biyo baya, kuma Kristi ya miƙa kansa sau ɗaya domin ɗauke zunuban mutane da yawa (9:27-28). Babu zagaye, babu dawowa a biya bashi. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ya mutu ne a bayan ganuwar birni, a wurin da ake kashe masu laifi, bai yi wanka a kowane kogi ba, amma ya sami alkawarin Firdausi a ranar saboda wanda ya juya ya roƙa. Bisa ga al'adar ikilisiyoyin kudancin Indiya, Manzo Toma a ƙasarsu ya ƙare rayuwarsa, kusa da birnin Chennai na yanzu. Walter Gowans da Thomas Kent, waɗanda suka iso ƙasar nan da bishara a 1893, sun rasu a 1894, ɗaya a Girku ɗaya a Bida. Babu ɗayansu da ya yi asara don ajali bai same shi a Urushalima ba. A Baranasi mutum ne ke tafiya neman wurin da zai mutu ya kuɓuta. A cikin bishara Ɗan Allah ne ya yi tafiyar, ya zo inda masu zunubi suke, ya mutu a madadinsu, ya tashi.

A 2020 annobar korona ta rufe hanyoyin jiragen sama, a watan Oktoba 2023 kuma yaƙi ya sake katse ziyara zuwa Isra'ila. Mutane da yawa da suka yi niyya ba su samu tafiya ba, wasunsu sun riga mu gidan gaskiya kafin hanya ta buɗe. Da ceto a ƙarshen wannan hanya yake, da rufewarta ta zama rufewar sama. Godiya ga Allah da ba haka abin yake ba.

Darussa ga Iyalin Kirista

Na fari, wanda Allah ya hore wa ya je ƙasa mai tsarki, ya je da Littafi Mai Tsarki a hannu da niyyar koyo, ya dawo ya koya wa 'yan makarantar Lahadi abin da ya gani. Amma kada iyali su jefa kansu cikin bashi, ko su tauye hakkin 'ya'ya da marayu, domin tafiyar da Ubangiji bai ɗora wa kowa ba.

Na biyu, iyaye su bayyana wa yara cewa man zaitun da ruwan Urdun tsaraba ce. Ranar da aka fara dogara gare su domin tsari ko waraka, sun zama laya, ko da daga Urushalima aka kawo su. Marar lafiya a kira masa dattawan ikilisiya su yi addu'a, a kuma kai shi asibiti.

Na uku, ikilisiya ta kiyaye kada ta raba 'ya'yanta gida biyu, waɗanda suka je da waɗanda ba su je ba. Gwauruwar da ke share majami'a a Kuje, wadda ba ta taɓa shiga jirgi ba, an wanke ta da jinin da aka wanke bishop da shi. Hali shi ne shaidar ziyara. Wanda ya dawo daga Dutsen Zaitun ya ci gaba da danne albashin 'yar aikinsa, ƙafarsa ce kawai ta yi tafiya.

Na huɗu, a girmama maƙwabci mabiyin addinin Hindu, likita ne ko ɗan kasuwa ko abokin karatu. Bitrus ya ce a ba da dalilin bege da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15). A kuma riƙa tunawa da Kiristocin Indiya cikin addu'a. Ƙidayar 2011 ta nuna su kimanin miliyan 28 ne, kashi 2.3 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, a Baranasi ma akwai majami'u tun farkon ƙarni na 19.

Na biyar, a koyi shirin mutuwa daga mutanen Baranasi. Ba sa ɓoye wa 'ya'yansu cewa rai yana da iyaka. Iyalin da suka san an ci nasara a kan kabari sun fi kowa dalilin yin wannan zance a fili: a nemi gafarar juna tun da sauran numfashi, a biya basussuka, a rubuta wasiyya, a zauna kusa da tsofaffi ana karanta musu Nassi.

Kammalawa

Baranasi ya kusa shekara 3,000 a bakin koginsa, Urushalima ta fi haka, Abuja kuwa har yanzu ana kan gininta. Dukansu aikin hannu ne. Ibrahim ya zauna cikin alfarwa yana sauraron birnin da Allah ne ya tsara shi ya kuma gina shi (Ibraniyawa 11:10), Yohanna kuma ya ga wannan birni cikin ru'ya, ya lura babu haikali a cikinsa, domin Allah da Ɗan Ragon su ne haikalinsa, kogin ruwan rai kuma yana fitowa daga kursiyinsu. Zuwa can kowane mai bi yake tafiya, wanda ya ga Urdun da wanda bai gani ba. Ubangiji ya kiyaye masu tafiya, ya ta'azantar da waɗanda ba su samu zuwa ba, ya kuma shayar da masu ƙishi na kowace al'umma da ruwan da yake bayarwa kyauta. Amin.